Inci Ashirin da Huɗu

Litinin, 5 ga Mayu

Yau almakashi ya sake faɗuwa daga hannuna. Sau uku ke nan cikin mako guda. Ban ji lokacin da ya suɓuce ba, ƙararsa kawai na ji a ƙasa. Auta ta ɗago daga kan kekenta ta dube ni, na yi kamar da gangan na yar. Shekara ashirin da shida ina yanka yadi da hannun nan na dama, yanzu babban yatsa da manuni sun zama kamar na aro.

Likita ya ce ba hannun ba ne, wuya ne. Wai wata jijiya ce aka danne a can sama, kuma ba zai taɓa ni ba sai ya ga hoto. Ba hoton ƙashi irin wanda na sani ba, wani ne da suke kira MRI, cikin na'ura ake tura mutum gaba ɗayansa. Ya ba ni ranar Alhamis. Na ce to. Me zan ce?

A bayan littafin awo nake rubuta wannan, don nan ne kaɗai Auta ba ta buɗewa. Ƙanwata ce, tare muke shago, kuma abin da ta gani da safe kafin azahar ya gama zagaya dangi.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ba a yi ba. Na gaji. Gobe na rubuta.

Juma'a, 9 ga Mayu

Gudu na yi. Bari in rubuta shi yadda yake, tunda babu mai karantawa.

Sun sa na cire ɗankunne da zobe, suka ba ni wata riga mai igiya a baya, ɗinkin da ko ɗan koyo ba zai yi ba. Mai na'urar mace ce, kusan sa'ata, mai jiki, tana magana a hankali kamar wadda ba ta taɓa makara ba a rayuwarta. Ta ce ƙarfe ko ƙanƙani ba ya shiga ɗakin, don na'urar fizgarsa take yi. Sai da ta zare fil bakwai daga ɗankwalina da bakin mayafina. Ta ce, "'Yar'uwa, tela ce ke?" Na ce ya aka yi kika sani. Muka yi dariya. Dariyata ta ƙarshe ke nan a ranar.

Ɗakin sanyi ƙalau. Na'urar fara ce, ƙatuwa, da rami a tsakiya. Na kwanta a kan wani siririn gado, ta toshe mini kunnuwa, ta kifa mini wani abu kamar keji a wuya da haɓa, ta danƙa mini ƙwallon roba a hannun hagu. Ta ce in na matsa za ta fito da ni. Minti ashirin da biyar ne kawai, kada in motsa.

Gadon ya fara tafiya da ni. Na ga rufin yana saukowa har ya tsaya a kan hancina. Numfashina ya dawo mini a fuska. Ƙirjina ya kulle, na nemi iska na rasa, na ji kamar an ɗinke ni a cikin buhu. Na matse ƙwallon har yatsuna suka yi fari. Ko ƙarar na'urar ba a fara ba.

Da ta fito da ni ta ce, "Ko minti ɗaya ba ki yi ba." Ba da faɗa ta faɗa ba, da faɗan ta yi ma ya fi mini sauƙi. Ta ce in zauna in huta mu sake. Na ce ina zuwa, zan shiga bayi. Na sa kayana na bi ta ƙofar baya.

A gida na ce wa Baban yara na'urarsu ce ta lalace. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya ci gaba da gyaran rediyonsa. Shekara talatin da ɗaya muna tare, jiya na yi masa ƙarya ko ƙifta ido ban yi ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ta yaya zan faɗa? A gidan nan ni ce mai kashe ɓera. Ni nake danne yara a yi musu allura tun suna ƙanana. Soja suke kirana, har jikokin sun ɗauka. Sojan da ta gudu ta ƙofar baya da ɗankwali a hannu.

Babu wanda ya san ban taɓa shiga lif ba. Akwai kwastomata a hawa na shida, matakala nake bi da ƙullin kaya a ka, in ce motsa jiki nake. A mota sai gefen taga. Ƙofar ɗaki ba na rufe ta duka, in ce zafi nake ji, ko da kuwa kowa na rawar sanyi. Haka na rayu, kuma lafiya lau na rayu, sai yanzu.

Litinin, 12 ga Mayu

Ina kalmasa gindin wata riga sai na tuna. A takardar da suka ba ni akwai tambaya, ko akwai ƙarfe a jikina. Na ce babu. To ai akwai! Shekara sha takwas da suka wuce allurar keke ta shige mini yatsan hagu ta karye, na zare guntu ɗaya, ɗayan ban taɓa ganinsa ba. In yana ciki, ba za su sa ni a ramin nan ba.

Har waƙa na kama kaina ina yi. Auta ta ce, "Yaya, albishir aka yi miki ne?" Daga baya kunya ta kama ni. Mace da girmanta tana murna don ta tuna akwai allura a jikinta.

Laraba, 14 ga Mayu

Na koma. Mai na'urar ba ta tayar da zancen guduna ba. Na miƙa mata yatsan, na ba ta labarin allurar da ɗan ƙari a ciki. Ta daɗe tana kallon fuskata, ba yatsan ba. Ta ce na kyauta da na faɗa, irin wannan ba abin wasa ba ne, kuma akwai hanyar sani. Ta rubuta mini takardar hoton ƙashi.

Awa uku a layi don yatsa ɗaya. Ƙafafuna sun kumbura.

Alhamis, 15 ga Mayu

Babu allura. Yatsa tas, kamar na jariri. Ko ta fita tuntuni ko dama ba ta taɓa zama ba, oho.

Likita bai yi dariya ba. Ya ce in ɗora hannuwana biyu a kan tebur, tafi a sama. Ya nuna mini tudun nan na gindin babban yatsa. Na hagu a cike, na dama ya lotsa. Ni da nake gane bambancin rabin inci a kafaɗar mutum tun daga bakin ƙofa, ban lura da nawa hannun ba.

"Mama, naman nan in ya tafi ba ya cika dawowa. Ba ni da yadda zan yi miki ba tare da hoton nan ba."

Ya samo mini ranar ashirin da takwas ga wata. Ya ce in ta wuce, sai bayan wata biyu, kuma ba ya son hannun ya jira haka. Ya rubuta mini ƙwaya guda, in sha kafin in shiga, wai tana kwantar da hankali. Ashe mai na'urar ta gaya masa komai.

Kwana goma sha uku. Na ƙirga su a mota, na sake ƙirgawa ko za su ƙaru.

Asabar, 17 ga Mayu

Na ɓata yadin malamar makaranta. Hannun riga nake yankawa, ina kallon layin alli, ina ganin almakashin yana barin layin, na kasa dawo da shi. Kamar hannun wani nake kallo. Auta ta taso ta zare almakashin daga yatsuna, abin da ba ta taɓa yi ba, don a shagon nan ni kaɗai ke yanka. Ta ja ƙofa, ta ce yau sai na gaya mata wace irin na'ura ce ke lalacewa har kwana tara.

Na gaya mata. Ina jiran dariya, ba ta yi ba. Sai na ga bakina ya wuce inda na nufa, na ba ta labarin akwatin.

Ba a haife ta ba lokacin. Shekarata bakwai, muna wasan ɓuya, na shiga babban akwatin kayan Inna na ja murfi. Yayanmu ya gane ina ciki, sai ya hau ya zauna a kai yana buga shi da dunduniya. Shi wasa yake. Ban san tsawon lokacin ba, wataƙila bai kai a tafasa ruwa ba. Abin da na sani shi ne duhu da warin kafur, da yadda na yi ta ihu muryar tana dawo mini. Da aka buɗe na jiƙa zannuwan Inna, kuma a kan zannuwan aka yi mini faɗa. Allah ya jiƙan Yaya, ya rasu bai san abin da ya bar mini ba.

Auta ta ce, "Shi ya sa kika hana mu sa kafur a shago? Kika ce yana lalata yadi?" Na ce yana lalatawa mana. Ta ce a'a, Yaya, ba ya lalatawa.

Na sa ta rantse ba za ta gaya wa Baban yara ba. Rantsuwar Auta dai, mu gani.

Lahadi, 18 ga Mayu

Maɓallin rigata ya gagare ni yau. Da hagu na sa.

Talata, 20 ga Mayu

Na je asibiti ba tare da an kira ni ba, da tef ɗina a wuya. Na ce wa mai na'urar so nake in auna ramin. Ni abin da ban auna ba ban san shi ba, haka kaina yake. Ta kama bakin tef ɗin ta nuna mini ƙarfen da ke jiki, ta ce wannan ma ba ya shiga. Amma ba ta kore ni ba. Ta ce in jira ta gama da mutumin da ke ciki, ta zo ta tsaya da ni a bakin ƙofa.

Ta ce faɗinsa santimita sittin. Na juya tef ɗin ta ɗaya fuskar, inci ashirin da huɗu, saura kaɗan. Kafaɗata sha shida ce. Ke nan inci huɗu a dama, huɗu a hagu. Wallahi na sha ɗinka wa mata rigar da ba ta da rabin wannan sararin, su shige da ƙyar su tafi suna murmushi. Daga hanci zuwa rufi, ta ce kamar tafin hannu guda.

Sai ta ce in leƙa da kyau. Ashe ramin a buɗe yake ta can ƙarshen. Ina hango bango da wata kujera ta cikinsa. Ranar farko na ɗauka a toshe yake kamar tulu, kuma babu wanda ya ce mini ba haka ba ne, don ban tambaya ba.

Na rubuta awon a shafin kwastomomi, tsakanin na matar mai kanti da na wata amarya. Faɗi 24. Sama, tafi ɗaya. Lokaci 25.

Ba wai tsoron ya ragu ba. Amma yanzu na san girmansa.

Laraba, 21 ga Mayu

Ba na ɗora almakashi a kan yadi mai tsada sai na gwada a kan ƙyalle. To me zai hana?

Da rana muka rufe shago. A ƙarƙashin teburin yanka muka jera bandir-bandir na yadi dama da hagu, na auna tsakaninsu ashirin da huɗu cif. Muka gitta kwalin da keken Auta ya zo a ciki a sama, tafi ɗaya daga hancina. Auta ta jawo kekenta ta manna da teburin, ta ce ita ce na'ura. Na kwanta a kan tabarma na ja jiki na shiga, ta taka keken babu zare.

Daƙiƙa arba'in, da wayarta ta ƙirga. Na fito da rarrafe, gumi har cikin kunne, na zauna a ƙasa ina haki. Ta ce, "An samu ci gaba, a asibiti ba ki kai haka ba." Na ce in ta sake magana zan kore ta daga aiki. Ta ce to wa zai taka mini na'urar.

Na gaji ƙwarai. Ban san tsoro yana cin ƙarfi haka ba, kamar na yi wankin gida guda.

Alhamis, 22 ga Mayu

Minti ɗaya da rabi. Sannan biyu.

Juma'a, 23 ga Mayu

Minti huɗu. Na gano in na rufe ido tun kafin in shiga ya fi. In na buɗe na ga kwalin, shi ke nan an gama. Auta ta yanko mini ƙyallen auduga mai laushi na ɗora a ido.

Na kuma gano in kaina babu aiki, akwatin yake komawa. Don haka na ba shi aiki. Riga nake ɗinkawa a kai tun daga awo: in shimfiɗa yadi, in ja alli, in yanka gaba, in yanka baya. A cikin kaina hannun lafiyarsa ƙalau, almakashi yana bin layi. Wannan ne ya sa ni kuka yau, ba kwalin ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Bakwai. Da na fi haka, sai matar mai kanti ta turo ƙofa ta ga ƙafafuna a waje. Auta ta ce mata ƙusar tebur nake gyarawa. Matar ta ce, "Kai, Soja ba ta hutawa." Ina kwance ina ji.

Bakwai ina, ashirin da biyar ina. Saura kwana huɗu. Yau na fara tunanin me tela mai hannu ɗaya za ta iya yi. Guga, wataƙila.

Litinin, 26 ga Mayu

Na manta tabarau a gida, Baban yara ya biyo ni da shi da rana, mutumin da sai ya shekara bai taka shagon ba. Ina ƙarƙashin tebur, ban ji shigowarsa ba saboda keken. Sai dai na ji keken ya tsaya, na ji Auta na gaisuwa da wata irin murya. Na yaye ƙyallen na hango takalmansa.

Na fara cewa ƙusa ce. Ya ce, "Kwanta abinki." Ya tattara rigarsa ya zauna a ƙasa, da ciwon gwiwarsa da komai.

Na ɗauka Auta ce ta fesa, har na fara shirya mata. Ya ce babu ruwan Auta. Wai tun ranar farko ya sani, don na dawo da ɗankunne ɗaya a kunne, ɗankwali a baibai, kuma mutumin da na'ura ta lalace masa ba ya dawowa haka, masifa yake dawowa da ita. Sai ya ce, a hankali kamar yana karanta jarida, "Shekara talatin ina hawa matakala a bayanki. Kin ɗauka ni ma motsa jikin nake so?"

Haushi ya kama ni, ban san na wa ba. Duk shekarun nan ina ɓoye abu a gidan da an riga an sani. Ashe ƙofar ɗakin ma saboda ni yake barin ta a buɗe, shi da ba ya jure sanyi.

Ya ce wa Auta ta taka. Ya kama idon sawuna na hagu ya riƙe. Minti goma sha huɗu.

A hanyar gida ban yi masa magana ba. Shi ma bai nema ba.

Talata, 27 ga Mayu

Sha tara. Na kira mai na'urar, ta ce ana barin mutum ɗaya ya tsaya ta wajen ƙafa in an bincike shi babu ƙarfe. Ta ce da na tambaya tun farko. Kowa sai ya ce da na tambaya.

Abinci ya ƙi shiga. Gobe ƙarfe goma.

Laraba, 28 ga Mayu

An yi.

Alhamis, 29 ga Mayu

Jiya barci na yi tun daga la'asar, sai yau zan iya riƙe biro.

Na sha ƙwayar a ɗakin jira. Mai na'urar ta bincike ni, fil ko ɗaya babu, ta ce yau na zo da shiri. Sannan ta juya kan Baban yara. Agogo, makullai, tabarau, biro, har bel. Ya shiga ɗakin hannu ɗaya riƙe da wando, yana lalube kamar wanda aka tasa daga barci. Da wata rana ce da na yi dariya.

Ta duba ƙyallena ta yarda in sa. Na rufe ido tun kafin ta kifa kejin. Na ji gadon ya tafi, na ji iskar ta canja, na san na shiga. Na ce a raina huɗu a dama, huɗu a hagu, can gaba a buɗe. Hannunsa ya sauka a ƙafata.

Ƙarar ba irin ta keken Auta ba ce, ƙarya muka yi wa kanmu. Wani bugu ne kamar ana dukan ganga ta ƙarfe da kaina a ciki, ya tsaya, ya dawo da wata murya, wani kamar ana huda bango. Na shimfiɗa yadina duk da haka. Na ja alli, na yanka gaba da baya, na haɗa kafaɗu. Lokaci-lokaci muryar matar tana shigowa ta kunne: wannan minti huɗu ne, kina yi daidai.

Ina sa hannun riga na biyu abin ya zo. Babu dalili. Warin kafur na ji, wallahi na ji shi, a ɗakin da babu komai sai sanyi. Ƙirjina ya kulle kamar ranar farko. Yadin ya ɓace, awon ya ɓace. Yatsuna suka fara rufe ƙwallon. Na ce shi ke nan, a bar hannun ya mutu, mutane nawa ke rayuwa da hagu.

Ina jin ƙafata ta yi rawa ne, don sai ya ƙara damƙa. Mutumin nan ba ya yanke farce sai an yi masa magana, kuma na kwana biyu ban yi ba. Farcen babban yatsansa ya nutse mini a fata daidai kan ƙashi. Zafi har ƙwaƙwalwa. Ga shi an ce kada in motsa, ba halin in fizge, ba halin in yi magana. Sai na kwanta ina zaginsa a zuci. Na tuno masa duk wani abin da ya taɓa yi mini tun daga shekarar farko, na jera su, na ce in na fita zai gani. Ina cikin haka na lura ina numfashi. Ƙwallon yana hannuna ban matsa ba.

Sai dai na haɗiye yawu da ƙarfi a wurin, hoton ya yi dishi-dishi. Ta ce, "'Yar'uwa, sai mun maimaita wannan, minti biyar." Na so in mutu. Na koma na warware hannun rigar na sake sa shi, na yi wuya, na sa zif, na kalmasa. Har guga na fara.

Da gadon ya fito ban iya tashi ba. Hawaye ya cika mini kunnuwa. Babu wani daɗi da na ji, kada in yi ƙarya, gajiya ce kawai irin ta bayan haihuwa. Mai na'urar ta ce rabin awa cif na yi, kuma hoton ya fito. Baban yara yana tsaye, wando a hannu, idonsa ja. Ya ce sanyin ɗakin ne.

Ban san mene ne ya yi aikin ba, ƙwayar ce, ko teburin, ko farcen. Shatinsa yana nan a ƙafata har yanzu.

Asabar, 31 ga Mayu

Auta ta ce a kwashe yadin daga ƙarƙashin tebur. Na ce ta bari tukuna, mu ji abin da likita zai ce.

Ita ke yanka yanzu, ni ina ja mata alli da hagu. Hannunta ba laifi. Ban gaya mata ba.

Alhamis, 5 ga Yuni

Likita ya nuna mini cikin wuyana a allo. Wani ɗan abu tsakanin ƙasusuwa biyu ya turo ya danne jijiyar, bai kai maɓallin riga ba. Wannan ɗan abin ne ya so ya raba ni da sana'ata. Za a yi aiki ranar sha tara. Ya ce mun zo a kan gaɓa, yana sa ran yawancin ƙarfin zai dawo, amma bai yi mini alkawarin duka ba. Na gode masa da bai yi ba.

Har na miƙe sai ya ce, yana kallon takarda ba ni ba, bayan aikin da wata uku yana so a sake hoton.

Juma'a, 6 ga Yuni

Na je na karɓi ranar sake hoton. Ni na je da ƙafata, babu wanda ya tura ni, don kawai kada a ba ni ranar da shago ke cika. Mai na'urar ta ce, "Za ki iya?" Na ce ban sani ba, tsoro nake ji. Haka na faɗa, a gaban mutane uku da ke zaune a benci, kuma rufin asibitin bai faɗo ba.

Tsoron yana nan inda yake. Da na hango ramin ta ƙofa sai na kawar da kai kamar kullum. Ban warke ba, kada wani ya ce na warke.

Ta tambaya ko ni kaɗai zan zo. Na ce wataƙila, ai na san hanya yanzu. Ta riƙe biro tana jira, ba ta rubuta ba. Na ce to ta sa mutum biyu, ba don komai ba, shi ne ba ya son zama a gida shi kaɗai.

Na dawo na same shi a kan rediyonsa. Na gaya masa ranar, na ajiye masa abin yanke farce a kan tebur. Ya ce ai da sauran wata uku. Na ce ya fara saba wa kansa tun yanzu.